Jinin Anna da Itacen Fiemme: Nazari a kan Fim ɗin Le Violon rouge

A shekarar 1998 ne ɗan ƙasar Kanada François Girard ya fito da fim ɗinsa mai suna Le Violon rouge, wato jan biyolon, wanda ya rubuta labarinsa tare da Don McKellar. Tauraron fim ɗin abin kiɗa ne, gogen nan na Turawa mai tsirkiya 4 da ake ɗorawa a kafaɗa. An nuna an ƙera shi a Kiremona ta ƙasar Italiya a 1681, sannan aka bi shi hannu zuwa hannu har fiye da shekara 300: daga wani maraya a gidan ibada kusa da Biyana, zuwa wani shahararren makaɗi a Oksfod, zuwa Shangai a zamanin juyin al'adu na Mao, har ya ƙare a ɗakin gwanjo a Monreyal. An yi magana da harshe 5 a cikinsa. Kiɗan da John Corigliano ya tsara masa ya ci kyautar Oscar a 2000, kuma ya cancanta, domin karin sauti guda ne yake ta sauya tufafi daga ƙasa zuwa ƙasa ba tare da ya ɓace wa kunne ba. Duk malamin da ya nuna wa ɗalibansa wannan fim zai ga sun yi tsit har ƙarshe.

To sai dai akwai tambayar da fim ɗin ya ɗora kansa a kanta, ita ce: daga ina muryar biyolon take fitowa? Amsar da ya bayar tana da daɗin ji, amma ba gaskiya ba ce, kuma irin wannan amsa ta daɗe tana cutar masu sana'ar hannu, a Turai da ma wuraren da suka fi kusa.

Ga yadda labarin ya tafi. Nicolò Bussotti, wanda ƙirƙirarren suna ne, gwanin maƙeri ne mai zafin rai. Matarsa Anna tana da ciki, shi kuwa ya ƙera biyolon da ya fi duk abin da ya taɓa yi, ya ajiye wa ɗan da za a haifa. Anna ta rasu wurin haihuwa tare da jaririn. Cikin dare Bussotti ya ɗebi jininta ya gauraya da man shafen katako, ya yi burushi da gashin kanta, ya shafe biyolon ɗin. Ba a bayyana wannan ba sai can kusa da ƙarshe, lokacin da ƙwararren mai tantance kayan tarihi, wanda Samuel L. Jackson ya fito a matsayinsa, ya aika ɓarɓashin shafen ɗakin bincike aka dawo masa da sakamako. Daga nan mai kallo ya gane abin da ake so ya gane: abin da ke kuka a cikin katakon nan ran Anna ne, shi ya sa duk wanda ya riƙe shi sai ya kamu.

Girard bai ƙago wannan tunani daga sama ba. Tun ƙarni na 19 ake yaɗa cewa manyan maƙeran Kiremona, iyalan Amati da Guarneri da kuma Antonio Stradivari wanda ya rasu a 1737, suna da wani sirrin shafe da suka tafi da shi kabari. Dillalai sun so wannan zance, domin sirri yana ƙara wa kaya daraja. A 2011 an sayar da wani biyolon na Stradivari na 1721, mai laƙabin Lady Blunt, a kan kusan dala miliyan 16. Wanda ya biya irin wannan kuɗi ba zai so a ce masa katako da awo ya saya ba.

Amma an duba shafen. A 2009 wata ƙungiyar masu bincike a ƙarƙashin Jean-Philippe Échard, na gidan tarihin kiɗa na Paris, ta bayyana sakamakon nazarin kayan kiɗa 5 na Stradivari. Abin da suka tarar shi ne mai irin wanda masu zane ke amfani da shi, an shafa shi ya shiga itacen, sai kuma shafe na biyu na mai da ƙaron itace. Jan launin kuwa, a wani wuri jar ƙasa ce mai sinadarin ƙarfe, a wani wuri kuma alamun rinin da ake samu daga wani ɗan ƙwaro na Amurka ta Tsakiya. Duk kayan kasuwa ne da kowane mai zane na wancan zamani zai iya saye, kamar yadda baduku ke sayen karan dafi ya rina fata. Jini kuma, ko a gefen labari, ba ya haɗuwa da mai, sannan in ya bushe ya kwana biyu baƙi-baƙi yake komawa. Shafe yana taɓa amo, ba a musu, domin yana ƙara nauyi kaɗan yana kuma rage kaifin wasu sautuka. Sai dai aikinsa na farko kare itace ne daga gumi da laima. Biyolon da bai yi kyau tun yana fari ba, babu man da zai gyara shi.

Abin mamaki shi ne fim ɗin da kansa ya san haka, sannan ya manta. Bussotti ya nuna wa Anna biyolon ɗin tana da rai, katakon yana fari sol ba a shafa masa kome ba, kuma tun a lokacin ya ce ya kai matuƙa. Ke nan muryar ta riga jinin zuwa. Duk abin da ya sa biyolon ɗin ya fi ƴan'uwansa an gama shi a watannin da kyamara ba ta nuna ba. Waɗannan watanni su ne ainihin labarin, kuma ya dace a ɗan tsaya a kansu.

Biyolon yana da gutsattsari kusan 70, tsawon akwatinsa bai wuce santimita 36 ba, nauyinsa duka bai kai rabin kilo ba. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya, domin siririya ce, ba ta tura iska. Sai ta miƙa karkarwarta ga jaki, ɗan katakon nan da take hawa, jaki ya miƙa ga fuskar akwatin, fuskar ta kaɗa iska, sannan kunne ya ji. Saboda haka fuskar ita ce maƙogwaro. Ana yin ta da itacen da Faransawa ke kira épicéa, dogon itace na duwatsu masu sanyi, kuma wanda ya fi suna shi ne na kwarin Fiemme a arewacin Italiya. Dalilin zaɓensa a fili yake: ba shi da nauyi, amma yana da tauri ƙwarai ta tsawonsa, har sauti yana gudu a cikinsa fiye da mita 5,000 a sakan, alhali a iska wajen 340 ne kawai. A can sama inda sanyi ya yi yawa itacen a hankali yake girma, layukan shekarunsa su fito sirara, a jere, kusa da juna. Ba a yanka shi yadda aka ga dama. Tsaga gungumen ake yi daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda ake yanka kankana, don layukan su tsaya a tsaye, sannan a ajiye shi shekaru ya bushe a inuwa. Bayan akwatin da gefensa da wuyansa kuwa da érable ake yi, itace mai nauyi da ƙarfi wanda aka fi samowa daga yankin Balkan. Allon da yatsu ke dannawa baƙin itace ne ɗan'uwan kanya, kuma mai yawa daga cikinsa daga dazukan Kamaru da Madagaska ya fito.

Ko itatuwa biyu da suka tsiro kafaɗa da kafaɗa ba su zama ɗaya, a nan ne gwaninta take. Maƙeri yana sassaƙa fuskar ta yi doro, yana rarake cikinta har kaurinta ya dawo wajen milimita 3, wani wuri ƙasa da haka. Yana kankara, yana lanƙwasa ta da yatsu ya ji taurinta, yana ɗaga ta kusa da kunne ya ƙwanƙwasa ya saurari amsar da za ta ba shi. In itacen mai tauri ne sai ya ƙara rage shi, in mai laushi ne sai ya bar masa nama. Babu awo guda da zai yi wa kowane katako. Doron nan kuma ba ado ba ne. Tsirkiyoyin 4 in an ɗaure su suna ja da ƙarfin da ya haura kilo 20, kuma kusan kilo 9 daga ciki yana danna jaki a kan katakon da bai fi kaurin kwali ba. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro a Birnin Damagaram ya ɗaga kai ya ga yadda bakan gizo ke ɗauke da nauyin rufi ya san dabarar. Doro mai tsayi yakan ba da murya mai taushi da zaƙi wadda ba ta tafiya nesa, irin ta ƙirar Amati da ta Jacob Stainer. Stradivari ya kwantar da nasa doron, ya faɗaɗa akwatin, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ƙirarsa ta yi rinjaye daga baya, da kiɗa ya fita daga ɗakunan sarakuna ya shiga manyan zauruka.

A cikin akwatin akwai abubuwa biyu da ido ba ya gani. Ɗaya sanda ce da aka manna a ƙarƙashin fuskar ta ɓangaren tsirkiya mai kauri, kamar azara a ƙarƙashin rufi. Ɗayan kuwa ɗan ginshiƙi ne mai kaurin milimita 6, ba a manna shi ba, matse shi kawai aka yi tsakanin fuska da baya. In aka gusa shi da rabin milimita muryar biyolon ta sauya. Italiyawa suna kiran sa anima, Faransawa âme, wato rai. Girard yana neman ran biyolon, ga shi nan da sunansa a cikin akwatin, amma ya wuce shi ya tafi neman jini.

Hatta ramukan nan biyu masu kamar harafin f suna da aikinsu. Ta nan iskar cikin akwatin ke shiga da fita, ita ce ke ƙarfafa sautuka masu kauri. A 2015 masu bincike na jami'ar MIT a Amurka suka nuna cewa tsawon bakin ramin ne ke da muhimmanci fiye da faɗinsa, kuma ramukan sun yi ta ƙara tsawo a hankali daga zamanin Amati zuwa na Guarneri del Gesù, wanda ya rasu a 1744. Wato ilimin da aka tara ne a hannun iyalai da almajirai cikin kusan shekara 200, kowa yana kwaikwayon na gabansa yana ɗan karkacewa, abin da ya yi daɗi a riƙe shi. A fim ɗin kuwa, almajiri sau ɗaya ya samu fitowa sosai, lokacin da Bussotti ya karɓi biyolon da ya yi ya rotsa shi a kan teburi. Wurin ya yi armashi a kallo, amma ya koya wa mai kallo cewa gwani daga sama yake faɗowa, sauran kuwa tarkace ne.

Wani gurbin da fim ɗin ya bari shi ne na masu gyara. An binne jan biyolon a kabari tare da maraya, an tono shi, ya sha rana da ruwa a hannun makaɗa masu yawo, harsashi ya goge shi, ya kwana shekaru a ɓoye a Shangai, amma muryarsa tana nan yadda take. Alhali da gam ɗin fata ake haɗa biyolon, laima kaɗan ke sake shi, an kuma zaɓe shi da gangan don a iya buɗe akwatin a gyara. Kusan duk tsofaffin biyolon na Kiremona da ake kaɗawa an sake musu wuya a ƙarni na 19, an ƙara masa tsawo an karkata shi baya, an sa sandar ciki mafi girma, an ɗaura tsirkiyoyi masu ƙarfin ja. Sautin da Joshua Bell ya kaɗa wa fim ɗin sautin biyolon ne da ya bi ta hannun masu gyara da yawa. Bussotti da kansa da zai ji shi da bai gane shi ba.

Akwai dai masu cewa tsohon itacen daban ne. A 2003 an kawo hasashen cewa sanyin da aka yi a Turai tsakanin 1645 da 1715 ya sa itatuwa sun girma a hankali fiye da kullum. Joseph Nagyvary a Amurka, da Hwan-Ching Tai a Taiwan daga baya, sun sami alamun cewa an jiƙa wasu katakan da gishirin ma'adinai, wataƙila don maganin ƙwari. Wannan bincike ne na gaske, kuma ya fi zancen jini nesa ba kusa ba. Sai dai kafin a nemi dalilin fifiko, ya kamata a tabbatar akwai fifikon. Claudia Fritz ta Paris da maƙeri Joseph Curtin sun gwada haka. A 2010 a Indiyanapolis suka ba makaɗa 21 biyolon 6, uku sababbi uku tsofaffi, a ɗaki mai duhu, an sa musu baƙin tabarau irin na masu walda, an ɗiga turare don kada hanci ya gane tsohon katako. Mutum 13 suka zaɓi sabo, kuma wanda aka fi ƙi na Stradivari ne. Aka ce ɗakin otal ba wurin gwaji ba ne, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai suka sake a 2012 a yankin Paris, da mashahuran makaɗa 10 da biyolon 12, har da zauren kiɗa. Shida suka zaɓi sabo, kuma ba su iya bambance tsoho da sabo fiye da mai canki-canki ba. Wannan bai rage wa Stradivari kome ba. Abin da ya nuna shi ne sana'ar ba ta mutu ba, ana koyon ta a makarantar Kiremona da aka buɗe a 1938 da ta Mirecourt a Faransa, kuma masu rai suna kai inda ya kai.

A nan ne fim ɗin ya yi abin da ya fi kowane wayo, ko da niyya ko babu. Mai tantancewar ya musanya jan biyolon da kwafinsa ya fice da na ainihin, aka ci gaba da gwanjo, manyan masu kuɗi suna ta ɗaga hannu, har wani shahararren makaɗi ya saye kwafin yana murna. Babu wanda ya lura. Labarin suke saye. Da Girard ya bi wannan zare da ya yi fim mai zurfi a kan yadda suna ke toshe kunne. Maimakon haka sai ya mai da satar ta zama cikar alkawarin ƙaddara, ya sa kiɗa mai taushi a ƙarƙashinta.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar da ake kaɗa goge. Ba a ce goge kakan biyolon ba ne, kowanne da hanyarsa, amma doka ɗaya ke tafiyar da su. Ƙwarya ce a madadin akwati, fatar guza a madadin fuska, izgar doki a madadin tsirkiya, ga jaki, ga ramin da aka huda a fatar, ga ƙaron da ake goga wa baka don ya kama. Girman ƙwaryar da kaurinta, da yadda aka ja fatar, da yawan silin izgar, da inda aka dasa jakin, su ne ke raba goge mai kuka da mai gunaguni. Kowane mai goge ya san muryarsa ta damina ba ita ce ta hunturu ba, domin fata tana saki in ta sha laima. Duk wannan ilimi ne na awo da kunne. Amma da yake goge ya daɗe tare da bori a Maraɗi da Arewa, sai aka fi tambayar mai shi abin da ya sha ko abin da ya binne, ba a tambayar sa yadda ya zaɓi ƙwaryarsa. Wani lokaci ma shi da kansa ya fi son a bar zancen a haka, kamar dillalan Turai, tunda asiri yana da kwarjini. Kuɗin da ake biya a kan haka shi ne yaron da aka ce masa abin gado ne ko baiwar iskoki ba zai zauna ya koya ba, malamin makaranta kuma ba zai ga abin koyarwa a ciki ba. Jacqueline Cogdell DjeDje ta wallafa littafi guda a 2008 a kan masu goge na Fulani da Hausawa da Dagomba, cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai kuma ta tara kayan kiɗan gargajiya. Ƙungiyar al'adu da za ta nuna Le Violon rouge za ta ƙaru in ta gayyato mai haɗa goge ya zauna gaban jama'a bayan an kunna fitila, da ƙwarya biyu ko uku, ya ƙwanƙwasa kowacce ya faɗi wadda zai ɗauka da dalilinsa.

Kiremona kanta ta wannan hanya ta farfaɗo. Bayan rasuwar Stradivari, kayan aikinsa sun bi hannu har suka isa ga wani mai tara kayan kiɗa, Cozio di Salabue. Maƙeri Giuseppe Fiorini ya saye su a 1920, ya ba birnin kyauta a 1930. Simone Sacconi, wanda ya shafe rayuwarsa yana buɗe tsofaffin biyolon yana gyarawa, ya yi nazarin su ya fitar da littafi a 1972, ya sa kalmar sirri a cikin sunan littafin tsakanin alamun zance don ya nuna bai yarda da ita ba. A 2012 UNESCO ta sa sana'ar a jerin gadon ɗan Adam, a 2013 aka buɗe gidan tarihin biyolon na birnin. Abin da ke cikin akwatunan gilashin wurin shi ne takardun da aka yanka siffar ramuka da ta wuya, da ƴan ƙarafan matsewa, da allunan da ake gina akwati a kansu. A jikin allunan ana ganin ramin tsinin kamfas da layukan da ya ja, da haruffan da maigidan ya sa don kada ya rikita su. Ɗaya daga ciki an rubuta masa PG, da shekarar 1689.